Rahoton Ayyukan Shekara: Sashen Taimakon Shari'a ga Masu Buƙata ta Musamman

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Yawancin koke-koken da suka zo mana bana ba su kai gaban alƙali ba, kuma kwamiti bai ɗauki hakan gazawa ba. Akwai ma'aikacin da aka sallama bayan ya rasa ganinsa, da yarinyar da makaranta ta ƙi karɓa don tana kan keken guragu, da magajin da 'yan uwa suka danne wa rabo wai ba zai iya riƙe dukiya ba. A irin waɗannan, takarda guda da sa hannun lauya kan isa a kira zaman sulhu. Lauyoyinmu na sa-kai sun dogara da dokokin ƙasa, tare da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Nakasassu, wadda aka amince da ita a 2006, ta fara aiki a 2008: sashe na 24 kan ilimi, na 27 kan aiki, na 12 kan daidaito a gaban doka.

Inda muka sha wuya shi ne sashe na 13, wato samun damar shari'ar kanta. Kurma ya zo kotu, lauyansa a shirye, sai a ɗage zama don babu tafintan maganar hannu. A dawo, a sake ɗagewa. Wani lokacin a ce ɗan uwansa ya fassara, alhali ɗan uwan na da hannu a rigimar. Mun ƙi yarda da wannan a ko'ina, ko da ƙin ya jawo mana jinkiri.

Nan ne mafi yawan kuɗin masu ba da gudummawa ya tafi: biyan tafintoci, sufurin masu ƙara, da mayar da takardun kotu zuwa rubutun makafi ko sauti. Lauyoyin ba su karɓi komai ba, wasunsu ma da aljihunsu suka biya kuɗin shigar da ƙara. Allah Ya saka musu, da su da masu tallafi, musamman masu bayarwa kaɗan-kaɗan duk wata, domin da nasu muke iya tsara aiki.

Mun yi taron wayar da kai ranar 3 ga Disamba, Ranar Nakasassu ta Duniya.

Abin da ya gagare mu: shari'o'in masu lalurar ƙwaƙwalwa, don ba mu da lauyan da ya ƙware a fannin. Duk wanda ya san mai iyawa, ya sanar da sakatare kafin babban taro, inda ma'aji zai karanta bayanin kuɗi dalla-dalla.

Kwamitin Gudanarwa