Masu ƙara bene a Makka da Jidda, a duba harsashi kafin a hau sama

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai albarka domin in yi magana da 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Makka da Jidda a kan rigimar da ke yawan shiga tsakanin maƙwabta, wato ƙarin gini a saman gida, wanda a nan ake kira mulhak. Yaro ya isa aure, haya ta yi tsada, sai uba ya ce a ɗora masa ɗaki biyu a sama. Niyyar ba ta da laifi. Yadda ake aikin ne ke damuna.

Mu fara da nauyi, domin shi ke kashe mutane. Kankare mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi ya kai kilo 2,400. Ke nan dekin mai kaurin santimita 15 yana ɗora kilo 360 a kan kowace murabba'in mita. Idan faɗin ƙarin ya kai murabba'in mita 100, tan 36 ke nan, ba a sa bulo da tayil da yashin ƙarƙashinsa ba. Tankin ruwa mai lita 2,000 shi ma tan 2 ne, kuma a wuri guda yake zaune. Tsofaffin gidajen unguwanni irin su Misfala da Shara Mansur a Makka, da yawansu an zuba harsashinsu ne don hawa ɗaya ko biyu. A Jidda kuwa ruwan ƙasa yana kusa, ga gishiri: rodi ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki, a waje fenti na ta ƙyalli. Shi ya sa ido ba ya wadatarwa. Sai injiniya ya huda ginshiƙi ya cire samfuri an gwada ƙarfinsa, an tona gefen harsashi an ga faɗinsa. Birkilan da ya daki bango da hannu ya ce "zai ɗauka" ba shi zai kwana a ƙasa ba.

Takardar izini kuma ba wuya ce da ita kamar yadda ake tsoro ba. Ana nema ta manhajar Balady, wato manhajar hukumomin birni, ta hannun ofishin injiniyoyi mai lasisi, da takardar mallakar gida da zanen ginin. Tun Yulin 2021 dokar gini ta Saudiyya ta hau kan gidajen zama. Yawan hawan da aka yarda ya danganta da tsarin unguwa da faɗin titi, don haka abin da aka bar wa mai gida a babban titi ba hujja ba ce ga mai gida a lungu. Mulhak ba ya rufe rufin gida gaba ɗaya, akwai iyakar da aka yanka masa. Ja da baya daga titi kuwa, lissafin da aka saba shi ne kashi ɗaya cikin biyar na faɗinsa: titi mai mita 15, a bar mita 3. Wanda ya tsallake wannan, tara na jiransa, kuma ana iya rushe ƙarin da kuɗinsa.

Amma wani abin da ke kai mutane ga kiran 940, lambar ƙorafi ta baladiyya, wato hukumar birni, shi ne taga. Ka buɗe ta tana kallon tsakar gidan maƙwabcinka, matansa sun rasa inda za su sha iska ba mayafi. Maganin a kan takarda yake, tun kafin a sayi siminti: a juya tagar ta kalli titi, ko a ɗaga ta sama da kan mutum, ko a sa gilas mai duhu. Haka indararo da ruwan na'urar sanyaya ɗaki, a haɗa su da bututu zuwa ƙasa, kada su zuba a katangar wani. Baranda da ta leƙo kan lungu tana tare iska da haske, tana kuma hana motar kashe gobara shiga. Ga ƙarin motoci biyu a ƙofar da da ma ɗaya take ɗauka.

Shawarata ga dattawan unguwa ita ce, duk mai niyyar hawa sama ya kai wa maƙwabtansa na dama da hagu da na baya zanen, su gani da idonsu, kafin ofishin injiniya ya tura shi.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Jidda