Na'ura ta sha wahala kafin ta iya, yaranmu kuma suna son a tauna musu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan sammini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, magana ce ke cina tun watan jiya.

Ni mazaunin Makka ne, ina da ɗan shago wajen Shari Mansur, jallabiya da darduma da carbi nake sayar wa alhazai. Ran nan bayan la'asar ɗana na biyu, ɗan shekara 13, yana zaune a shago sai ga wata Hajiya daga Sakkwato, na ce mata jallabiya uku riyal 120, ta ce biyar take so. Na juya na ce masa kai nawa ke nan? Wallahi Edita yaron nan aljihu ya fara laluba yana neman jawwal, wato wayar hannu. Hajiyar da ko aji ɗaya na boko ba ta taɓa shiga ba ita ta ce "ɗari biyu mana ɗan nan", kunya kamar in nutse. Kuma fa wannan yaron kullum wajib ɗinsa, wato aikin gida, na lissafi cikakken maki yake samu, ashe hoton shafin yake ɗauka manhaja ta warware shi kuma ya kwafe.

Ni ba na cikin masu cewa abin nan, wato ƙirƙirarriyar basira (AI), haramun ne ko sharrin Yahudu, a'a. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022 irin waɗannan manhajoji suka cika waya, nan Saudiyya ma tun 2019 gwamnati ta kafa hukuma sukutum, SDAIA, don harkar bayanai da ƙirƙirarriyar basira, ba inda abin zai je. Ni kaina da shi nake gyara wasiƙar Larabci in zan tura wa dillali a Jidda.

Abin da ya tsaya mini a rai wani ƙanena da ke karatun kwamfuta ne ya yi mini bayanin yadda ake koyar da na'urar. Ya ce jimla ake ba ta a ɓoye kalmar gaba, ta yi cinke, in ta kuskure a ɗan gyara mata lissafinta na ciki, a sake, a sake, sau biliyoyi. Na ce kai tsaya, ai wannan tsangaya ce! Haka alaramma ya yi mana a Haɗeja, ka kife allo ka kawo da ka, ka kakare, ya bar ka kana zufa kana lalube sai can ya jefo maka kalma ɗaya tak, kuma wannan kalmar da ka sha wuya a kanta ita ce har ka tsufa ba za ta gudu ba. Ba ka wanke allo sai ya zauna, sannan ga tilawar dare a maimaita na baya. Wani Bajamushe, Ebbinghaus, ya gwada a kan kansa ya wallafa tun 1885 cewa yawancin mantuwa a farko farko take faruwa, in ana bita lokaci bayan lokaci sai abu ya daɗe a ka. Gardawa sun riga shi sani, rubutawa ne dai ba su yi ba. Ƙanen nawa ya kuma ba ni labarin wata manhaja, AlphaGo, da ta cinye gwanin Koriya Lee Sedol 4 da 1 a 2016 a wani wasa mai kama da dara, ita ma da yin wasa da kanta tana faɗuwa tana gyarawa ta ƙware.

Toh ka ga abin takaicin, ƙarfe ya yi zaman almajiranci ya gama, ɗan mutum kuma ya miƙa masa allonsa ya ce rubuta mini.

Ba wai ina cewa tsangaya ba ta da nata ba, mun yi hadda amma ba a saba mana da tambayar "me ya sa" ba, in ka cika tambaya ma sai a ce ka fiye rawar kai. A nan kam na'urar ta fi malaman da haƙuri, ka tambaye ta sau goma ba tsawa ba dorina. Sai dai tana ƙarya ido a bushe. Na taɓa tambayar wata daga cikinsu ma'anar "kowa ya ci ladan kuturu", ta zuba mini bayani tsaf a kan tausayin marasa lafiya, ko askin ba ta ambata ba. Yaron da kansa ba komai ina zai gane an yi masa shaci faɗi?

Yanzu dokar gidana ita ce kowa ya fara da biro da takarda, minti 15 jawwal na hannun uwarsu. In ya gama sai ya nuna wa manhajar aikinsa ya ce mata kar ki ba ni amsa, nuna mini inda na karkace kawai. Ranar Alhamis kuma ni nake zaunar da su in tambayi na makon da ya wuce da baki. Makon farko an sha kuka, har ƙarata aka kai wa kakarsu a waya, ita kuma ta goyi bayansu kamar kullum.

Ina roƙon malaman makaranta da ke karanta jaridar nan, na Kano ko na Gadarif ko ina ne, su rubuto su faɗa mana yadda suke yi da wajib yanzu, don ni uba ne kawai mai shago. Shekaran jiya dai na sake gwada ɗan nawa na biyu, darduma bakwai riyal 18 kowace, ya ɗaga kai sama yana motsa baki ya ce 116, na yi shiru, can ya ce a'a Baba, 126.

Naku mai karatu kullum,
daga Makka, Saudiyya