Sanarwa Kan Haɗuwarmu ta Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Haɗuwarmu tana nan ranar Asabar bayan la'asar, a inda muka saba. Kowa ya zo da ƙaramar motar kwaikwayo da yake haɗawa, ko da bai kammala ba.

Masu tambaya kan awo: 1:24 na nufin motar gaske ta ninka taka sau 24 a tsayi. Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, tsayinta kusan mita huɗu da rabi ne, don haka taka za ta kama kusan santimita 19. Ka fara auna tayoyi, domin nan ake yawan kuskure; idan suka yi girma, komai kyan fenti motar ba za ta zauna a ido ba.

Don Allah a daina manna gilashi da sufa gulu. Tururinsa ne ke sa gilashin ya yi fari, na ɓata kwali guda na Tamiya, kamfanin da ke yin irin waɗannan ƙananan motocin, a haka, har yau abin yana min ciwo. Farin gam na kafintoci ya wadatar.

Hunturu kuma ya shigo. Kada a yi feshi a tsakar gida, ƙura za ta kwanta kan ɗanyen fenti. A fesa sama-sama sau biyu ko uku, a kife kwali a kai har ya bushe.

Yaranmu masu motar kara da ta gwangwani, a taho da su. Da yawanmu daga nan muka faro. Mai samfefa mai laushi ya taimaka ya riƙo.