Fetur ba sabulu ba ne: kira ga 'yan'uwana kanikawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana masu sana'ar hannu. Shekara 31 ke nan ina gyaran mota a Kano, kuma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne rasuwar abokin aikina a bara, Allah ya jiƙansa da rahama. Wajen maigida ɗaya muka koyi aiki. Ciwon ya fara masa da kasala da yawan zazzaɓi, muka yi ta ba shi maganin maleriya da na taifot. Daga baya ya ɗashe, dasashinsa ya riƙa zubar da jini. Da aka kai shi asibiti aka ce sankarar jini ce. Likitan da ya duba shi, kafin komai, sai da ya tambayi sana'arsa.

Ban ce ga abin da ya kashe shi ba, rai na Allah ne. Amma na san irin zaman da muka yi. In an kawo abinci, da fetur muke wanke baƙin mai daga hannu, mu goge da tsumma, mu sa hannu a kwano. In za a zuƙo mai daga tanki, tiyo muke sawa a baki mu ja har sai ya taɓa harshe. Wani ma guntsa yake yi ya fesa a kafireta. Yaron da ya yamutsa fuska sai a ce masa rago.

Sai bayan rasuwar na san cewa a cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda ke shiga jiki ta numfashi da ta fata, ya je ya lalata ɓargon da ke samar da jini. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta daɗe da sa shi cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. A 2012 ta ƙara da hayaƙin injin dizal, a 2017 kuma hayaƙin walda. Maganar ma ba sabuwa ba ce: tun 1775 wani likita a Landan, Percivall Pott, ya gano cewa kunkunniyar da ke manne wa yara masu share bututun hayaƙi ita ke jawo musu dajin fatar maraina bayan sun girma. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan, don cutar ba ta nuna kanta da wuri. Yaro ɗan shekara 12 da uwarsa ta damƙa mana amana yau, sai ya yi iyali sannan abin ya taso masa.

Mahautan da ke babbake kai da ƙafa da tsohuwar taya, su ma su ji tsoron wannan baƙin hayaƙi, ga su ga masu cin naman.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. A garejina yanzu akwai bokitin ruwa da garin sabulu, kuma na hana wanke hannu da fetur. Na sayi ɗan famfon janyo mai na hannu, kuɗinsa bai kai na gyaran birki ɗaya ba. Baƙin mai a jarka muke tarawa, ba a zubarwa a ƙasa. Ba a barin injin yana aiki a cikin rumfa rufaffiya. Kayan aiki a gareji ake tuɓe su, kada a kai wa mata da yara. Mai fenti kuwa takunkumi mai matata yake bukata, ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare tururin tinna.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu ta kanikawa, wato NATA, su sa wannan batu a taronsu, malamanmu kuma su taɓo shi a huɗuba. Kai kuma Malam Edita, kafin ranar 4 ga Fabrairu da ake tunawa da cutar daji a duniya, don Allah ka turo wakilinka gareji da azahar, lokacin da yara ke zaman cin abinci, ya duba hannayensu.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon bakanike, Kano