Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kano

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Mun ga gyaran da ake yi wa asibitoci, Allah ya saka. Kukana a kan ruwa da sabulu ne.

Ba sai an yi maka bayanin yadda ƙwayoyin cuta suke bijire wa magani ba. A shekarar 2019 kaɗai, wannan matsala ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi jin jiki. To ta ina ake fara yaƙarta in ba wanke hannu ba?

Na yi jinyar ƙanwata a wani asibitin gwamnati a cikin birni bayan an yi mata tiyatar haihuwa. Famfon ɗakin a bushe yake. Majinyata ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa, safar hannu kuwa sai an rubuta mana mun sayo. Ma'aikaciya ɗaya ga gadaje birjik, ta wanke wa wannan ciwo ta wuce ga waccan, tana ba mu haƙuri. Ɗinkin ya ruɓe. Aka yi ta allurar ceftriaxone ta kashe ƙwayoyin cuta shiru, aka canza wata, shiru. Sai da muka kai ruwan ciwon ɗakin gwaji na kuɗi sannan aka gano maganin da ƙwayar ke ji. Wanda ba shi da kuɗin gwajin fa? Haka likita zai yi ta lalube a duhu.

Kun yi mana alkawarin haihuwa kyauta. Matar da ta shiga lafiya ta kwaso cuta a kan gado, mijinta ya sayar da babur don magani, me aka ba ta kyauta? Don Allah ku duba.

An mayar da dillalan maganin Sabon Gari zuwa Dangwauro, madalla, amma har gobe a kemis ɗin unguwa yaro zai miƙa kuɗi a ba shi Ampiclox ƙwaya biyu don mura. Yadda masu kiwon kaji ke ba kajinsu irin wannan magani barkatai ma wata magana ce.

Ranka ya daɗe, a sa ruwa mai gudana da sabulu a kowane ɗakin kwanciya, a kuma tanadi ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta mai aiki a manyan asibitoci. Sannan ka shiga ɗakin masu jego ba tare da sanarwa ba, ka murɗa famfon da hannunka.

Wassalam,
Wata uwa daga Ƙofar Nassarawa