Samarinmu masu fiyano malami suke nema

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in tabo wani fanni da ba kasafai ake tattauna shi da Hausa ba, wato yadda ake horar da mai tsara kiɗan gargajiyar Turai da malamin fiyano. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawan samarin da ke buɗe sutudiyo a nan Maraɗi, kowa da fiyanonsa na lantarki wanda ake danna maɓalli guda ya saki ganga da kansa. Ban raina sana'arsu ba, da ita suke rufa wa kansu asiri, kuma wasunsu Allah ya ba su kunne. Sai dai da yawansu da yatsu biyu ko uku na hannun dama suke aiki, hannun hagu yana zaman banza, domin ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu aikinsa.

Wanda ke son ya ga yadda ake wannan horo, ya dubi rayuwar Nadia Boulanger, Bafaranshiyar da aka haifa a birnin Faris a 1887. Tana da shekara 9 ta shiga babbar makarantar kiɗa ta Faris, inda daga baya ta yi karatun tsara kiɗa a hannun mashahurin mai tsara kiɗa Gabriel Fauré. Irin wannan karatu da solfej yake farawa: yaro ya iya karanta kiɗa a rubuce, ya rera shi da baki, ya kuma rubuta abin da aka kaɗa masa ba tare da ya leƙa hannun malami ba. Sai ya shiga ilimin haɗa sautuka, sannan na ɗora layin kiɗa bisa wani layi su tafi tare ba su yi karo ba, duk wannan kuwa yatsunsa goma na hawa da sauka kullum a kan maɓallan fiyano 88 har hannun hagu ya daina jin kunyar na dama. A 1908 ta zo ta biyu a gasar lambar Roma, babbar gasar masu tsara kiɗa ta Faransa, wadda ƙanwarta Lili ta cinye a 1913, mace ta farko da ta yi hakan. Lili ta rasu a 1918 tana da shekara 24, kuma bayan 'yan shekaru Nadia ta ajiye tsara kiɗa, ta duƙufa ga koyarwa a gidanta da kuma makarantar kiɗa ta garin Fontainebleau da aka buɗe a 1921, ba ta daina ba sai dab da rasuwarta a 1979. Mashahuran masu tsara kiɗa na Amurka irin su Aaron Copland da Philip Glass da Quincy Jones duk sun zauna gabanta, kuma ta shahara da mayar da ɗalibi baya ya sake darasin farko komai sunan da ya zo da shi.

Na san abin da wasu za su ce, cewa wannan karatu zai raba yaro da kiɗan iyayensa. Labarin Astor Piazzolla na ƙasar Ajantina ya isa amsa. A 1954 ya je wurinta da tarin kiɗan da ya tsara irin na Turawa, yana ɓoye cewa shi makaɗin tango ne, wato kiɗan rawa na ƙasarsu, a gidajen rawa. Ta duba takardunsa ta ce aiki ya yi kyau amma ba ta ga mai shi a ciki ba, ta matsa masa har ya kaɗa mata tangonsa a fiyano, nan take ta ce masa wannan ne nasa, kada ya bar shi. Ya koma gida ya sabunta tango da ilimin da ya samu.

Ko a maƙwabta akwai misali. Akin Euba, haifaffen Legas a 1935, ya yi karatun fiyano da tsara kiɗa a kwalejin Trinity ta Landan, amma digirinsa na uku a Jami'ar Gana a 1974 a kan gangar dundun ta Yarabawa ya yi shi, 'yar'uwar kalangunmu, kuma ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa fiyano na iya magana irin ta ganga. Mu da muke da algaita da kakaki da tambari a fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Gobir a Tibiri, ga gurmi da goge a ƙauyuka, ba mu rasa abin da za a rubuta ba. Yawancin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke tafiya, shi ya sa yaro kan lalubo amshin waƙa a baƙaƙen maɓallan fiyano, waɗanda su ma sautuka biyar ne, tun ranar farko. Kuma ɗan makaɗin fada ma ai shekaru yake yi yana ɗaukar ganga a bayan ubansa kafin a bar shi ya buga taken sarki, don haka doguwar almajirta ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Matsalarmu ta malami ce. Cibiyar horar da makaɗa ta Elhaji Taya tana Yamai, sama da kilomita 600 daga nan, tafiyar da ɗan talaka ba zai iya yi don darasin mako-mako ba. Ba na ba da shawarar a sayo babban fiyanon katako, domin bushewar hunturu da zafin bazara za su kwance masa sauti, ga shi sai an ɗauko mai gyara daga nesa. Fiyanon lantarki mai cikakkun maɓallai masu nauyi ya wadatar, in dai akwai wuta ko sola. Roƙona ga hukumomin al'adu na jiha da masu hannu da shuni shi ne su ɗauki nauyin matasa biyu ko uku, mace da namiji, su yi karatun solfej da fiyano da dabarun koyarwa har su ƙware, da sharaɗin su dawo Maraɗi su koyar, a kuma ware musu ɗaki da albashin da zai hana su komawa kiɗan biki don neman abin cefane.

Na gode.

Wani tsohon malamin makaranta,
Maraɗi