Rahoton kwamitin gyaran makarantar Islamiyyarmu a Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum, iyayenmu malamai da dattawan unguwa, iyaye mata da matasa.

Alhamdu lillahi, aikin da kuka ɗora mana ya kammala. An cire tsohon kwano na azuzuwa uku an buga sabo, an canza katakon da gara ta cinye, an ɗaga daɓen ajin ƙarshe wanda ruwa ke kwanciya a cikinsa duk damina, sannan an gina ban-ɗaki biyu, ɗaya na 'yan mata, ɗaya na maza. Lissafin kuɗi da rasit ɗinsa yana manne a allon masallaci.

Tun da aka fara aiki mutane ke tare mu da tambaya ɗaya: wa kuka sani a gidauniyar nan da ta ba da kuɗin aikin? Wallahi ba mu san kowa ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana yadda aka zaɓe mu, don ƙungiyoyin Asawase da Sawaba da sauran zango su amfana.

Karon farko da muka nema ba mu samu ba, kuma laifinmu ne. Mun rubuta wasiƙa mai tsawo muna kukan talauci, alhali ƙungiyarmu ko rajista ba ta da ita. Sai da muka yi rajista a ofishin rajistar kamfanoni a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, muka nemi takardar shaida ta hukumar jin daɗin jama'a, muka buɗe asusun banki da sunan ƙungiya wanda kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu. A da, kuɗin makaranta a wayar ma'aji yake kwana. Mutumin kirki ne, ba a taɓa samunsa da cin ko kwabo ba, amma gidauniya ba ta san halinsa ba, takarda take karantawa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ranar da wakilansu suka zo. Mun share fili, mun jera kujeru, shugaba ya shirya jawabi. Suka gaisa da dattawa cikin ladabi, sannan suka roƙi a bar su su zagaya. Wata baiwar Allah a cikinsu ta zauna da 'yan matan babban aji ita kaɗai, a nan ta ji cewa wasunsu kan bar makaranta da tsakar rana saboda babu inda za su kewaya. Mu kwano kawai muka rubuta. Kunya ta kama mu ƙwarai, domin 'ya'yanmu ne, kuma ba mu taɓa tambayarsu ba. Dalilin ban-ɗakin ke nan, kuma dalilin shigar iyaye mata biyu kwamiti.

Sun kuma tambayi abin da unguwa za ta kawo da kanta. Matasa suka ɗauki jigilar yashi da bulo, magininmu ya rage ladansa, mata suka yi karo-karo bayan sallar Juma'a. An nemi farashi daga 'yan kasuwa uku kafin sayen siminti da kwano, aka kuma ware wani abu a gefe, don ba mu manta yadda kuɗinmu sidi ya faɗi a 2022 kaya suka yi ta tashi ba. Kuɗin ma kashi-kashi ya zo: sai mun aika rasit da hotunan inda aiki ya kai, sannan a saki na gaba. Sau ɗaya rasit ɗin rodi ya ɓace, aiki ya tsaya mako biyu har mai shago ya ba mu kwafi.

Saura abu biyu. Gidauniya tana jiran rahoton yadda ake kula da wurin, kuma ba za ta biya kuɗin sabulu da ruwa ba, wannan namu ne. Za a zauna ranar Lahadi bayan la'asar a harabar makaranta a tsayar da wanda zai riƙe makullin ban-ɗakin 'yan mata da abin da kowane gida zai riƙa bayarwa a wata. Muna roƙon iyaye mata su halarta.